Dan Allah me za a kira school counsellor da Hausa?

Malamar JSS3: Salam jama'a, a taimaka min. Shugabar makarantarmu ta ɗora min fassara takardar da za a raba wa iyaye kafin taron 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuma gobe da safe za a kai bugawa. An ware ofis da malama ɗaya da yara za su riƙa zuwa in suna cikin damuwa, iyaye ma an ce su zo. School counsellor da mental health ne suka tsaya min.

Ɗan Fagge: Kansila mana, yadda ake faɗa.

Uwar Biyu: Kansila? Ai washegari iyaye za su cika ofishin da maganar kwalbati da taki.

Malamin Hausa: Mashawarciya, namiji mashawarci. Ɗaya kuma lafiyar ƙwaƙwalwa, gidajen rediyo sun riga sun zaunar da ita.

Malamar JSS3: Malam nan fa matsalar take, uba na ganin ƙwaƙwalwa a takarda asibitin mahaukata na Dawanau zai faɗo masa a rai, ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, shikenan yaron ba zai taka ofishin ba.

Bazazzagi: Ni na daɗe ina cewa malallashi, mace malallashiya. Daga lallashi, Hausa tsantsa, shawara kuwa aron Larabci ce.

Uwar Biyu: Yaya ba jariri ne ya fasa kuka ba fa. Yarinyar da ta daina barci saboda WAEC, ko yaron da siniyoyi ke cin zalinsa a makarantar kwana ya kasa faɗa a gida, aikin matar nan ta saurara, ta riƙe sirri, ta san lokacin kiran iyaye, in abin ya fi ƙarfinta ta tura asibiti, ina lallashi zai ɗauke duk wannan?

Malamin Hausa: In aro laifi ne to a cire lafiya ma, daga Larabci ta zo, mu gani da me za ka gaisa da safe.

Bazazzagi: Ku masu digiri kun ɗauka harshen gadonku ne. Kuma ba dole duk abin da aka faɗa a Kano ya zama doka ba.

Ɗan Fagge: To Zazzau za mu je koyon Hausa?

Na Maraɗi: Ku biyun ku zo nan a gyara muku baki.

Malamin Hausa: A koma kan magana. Ni ban yarda a ɓoye lafiyar ƙwaƙwalwa ba, gudun kalmar ne ke ƙara tsangwama. Gwamnati ma a Janairun 2023 ta sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958, mu kuma muna ja da baya.

Malamar JSS3: Na gode, lokaci ya ƙure. Na sa malamar shawara, a kai kuma na rubuta kula da kwanciyar hankalin ɗalibai, lafiyar ƙwaƙwalwa ta fito sau ɗaya a wajen sunan ranar.

Malamin Hausa: Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma ba komai.

Bazazzagi: Ki dai sa malallashiya ko a ƙasan takardar ne, a gwada.