Neman shawara: wane injin niƙa gahawa na hannu zan saya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina shan gahawar da ake sayarwa a niƙe, sai kwanaki aka kawo mini 'ya'yanta gasassu, ƙamshin kaɗai ya sa na ce ba zan koma waccan ba. Matsalar ita ce ba ni da abin niƙa sai ɗan ƙaramin bilenda mai wuƙa. Abin da yake fitarwa rabi lukui ne kamar hoda, rabi ɓarza, kuma in na haɗa a French press (tulun da ake jiƙa garin gahawa a ciki, sannan a danna matacinsa ƙasa) sai ga ɗaci a baki, ga laka a gindin kofi. Na hannu nake so, don da sassafe nake haɗawa yara na barci, ƙarar na lantarki tana tashin su. Kofi biyu nake yi kullum, nawa da na maigida. Na ga Hario, na ga Timemore, 1Zpresso da Comandante, kaina ya ɗaure. Mai haƙoran tangaran ya fi ko mai na ƙarfe? A taimaka.

Baban Biyu: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Laifin ba na gahawarki ba ne, na wuƙar ne. Wuƙa sara take yi, abin da ta samu shi take faskarawa. Injin niƙa na gaskiya haƙora biyu ne da shi, ɗaya na juyawa cikin ɗaya, ƙwaya ba ta faɗowa sai ta kai girman tazarar da ke tsakaninsu. Shi ya sa garin ke fita kusan kai ɗaya. Lukui ɗin nan ruwa yana tatse shi fiye da kima, shi ke kawo ɗaci. Ɓarzar kuma ruwa bai gama shigarta ba, ita ke kawo tsami. Kin ga a kofi ɗaya kina shan aibi biyu.

Abin da zan ce ki fi dubawa, kafin ma sunan kamfani, shi ne sandar tsakiya. In tana zaune a kan boris sama da ƙasa, haƙori ba ya lilo. In tana rawa, tazarar tana buɗewa tana rufewa kina cikin juyawa, kuma a niƙa mai kauri irin ta French press abin ya fi fitowa fili. Da Hario Skerton na fara, na shekara biyu da shi, wannan ce kaɗai matsalata da shi. Daga baya sun fitar da Skerton Pro da suka ɗan daidaita sandar, amma da na koma mai haƙoran ƙarfe da boris biyu, ranar farko na ji bambanci a hannu da a harshe.

Ummu Yara: Ni kam ba zan kushe tangaran ba. Porlex ɗina ya daɗe, ba ya tsatsa, ina kwance shi in wanke da ruwa hankali kwance, ƙaramin kuma yana shigewa cikin AeroPress (ɗan bututun haɗa gahawa da ake dannawa da hannu) in zan yi tafiya. Gaskiya dai yana da jinkiri, kuma in ya faɗi ko ɗan dutse ya shiga, haƙorin na iya gutsurewa.

Baban Biyu: Haka ne Hajiya, amma ita kofi biyu za ta yi kullum. Jinkirin nan in ya zama na kowace safiya, shi ke sa mutum ya jefa injin a kwaba ya koma garin kanti.

Ɗalibin Gahawa: Anti, ki yi lissafin abin da cikinsa ke ɗauka, mutane na mantawa da wannan. Ma'aunin da aka saba shi ne gram 60 na gahawa ga litar ruwa ɗaya. Kofi biyu manya rabin lita ke nan, wato gram 30. Timemore C2 gram 20 zuwa 25 yake ci, sai kin zuba sau biyu. Akwai C2 Max mai ɗaukar wajen 30, haka 1Zpresso JX yana ɗaukar 30 zuwa 35. Ni JX nake da shi, kafin ruwa ya tafasa na gama. Ki kuma riƙe shi a hannu in da hali, don mai faɗin jiki yana gajiyar da ƙaramin tafi, musamman in gahawar ba ta gasu sosai ba, ita ta fi tauri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Comandante ɗin da ake ta yabo fa? Kuma maigida yana maganar wata rana zai sayi injin espresso, mai tatso gahawa mai ƙarfi da matsin ruwa.

Dattijo: 'Yata, Comandante C40 aikin Jamus ne mai kyau, ba wanda zai musa. Amma a French press ba na jin za ki ɗanɗani bambancin da ya kai bambancin kuɗinsa. Maganar espresso kuwa daban ce. Shi gari mai laushi ƙwarai yake so, kuma ɗan motsi kaɗan a saiti yana canza gudun ruwan. Kowane ƙas ɗaya, wato taki ɗaya na juya saiti, a Comandante yana canza tazarar haƙora da wajen maikiron 30 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), na 1Zpresso J-Max bai kai 9 ba, don espresso aka yi shi. In da gaske injin na tafe bana, sayi irin wannan tun yanzu, zai yi miki duka biyun. In kuwa "wata rana" ce kawai, sayi na abin da kike sha yau.

Ummu Yara: Ƙarin bayani in kin ɗauki na ƙarfe: kada ruwa ya taɓa haƙoran, da burushi ake share su. In gari yana manne wa jikin kwalba yana watsuwa, jiƙa bakin cokali ki juya 'ya'yan da shi kafin ki zuba, ɗigo ɗaya ya isa. Kada kuma ki juya hannun alhali kin ɗaure saiti har ƙarshe, haƙora za su ci juna.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na tambayi maigida, ya ce espresso ba bana ba. Zan nemi mai haƙoran ƙarfe da boris biyu wanda ke ɗaukar gram 30. A wane saiti zan fara?

Ɗalibin Gahawa: Takardar cikin kwali za ta ba ki adadin ƙas na French press, fara daga tsakiyarsa. Jiƙa minti 4. In kin ji ɗaci da kauri, buɗe ƙas biyu. In kin ji tsami da salam, matse biyu. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a rana, kada ki taɓa yawan gahawar ko na ruwan sai saitin ya zauna.