Don Allah a taimaka, me za mu kira robar nan da ake zuba ma abu ta ɗauki siffarsa?

Mai Fassara: Salam ƴan uwa. Ina fassara takardar horaswa ta masu yin sabulu da kyandir, gobe da safe za a kai wajen bugawa. Akwai babi guda a kan yadda ake zaɓen silikon ɗin nan mai ruwa-ruwa, kashi biyu ake haɗawa a zuba a kan abu, in ya kama sai a ɓare, ya fito da zanen komai ƙanƙantarsa har shatin yatsa. Kalma biyu nake nema, sunan robar da sunan abin da ta zama bayan ta kama.

Malamar Kimiyya: Na biyun ai mazubi. Zubi tsohuwar kalma ce wajen maƙera, tukwanen alminiyam da ake zubawa a yashi ma zubi ake cewa. Na farkon kuma robar zubi.

Ɗan Kurmi: Hajiya roba akwai matsala fa, kina cewa roba mata za su ɗauka robar wanke-wanke ce. Kuma mazubi a wajenmu duk abin da za ka zuba abu a ciki ne, ko leda. Masu POP da masu buga bulo mol suke cewa.

Bamaraɗe: Mu a nan mul muke cewa, daga Faransanci.

Tsohon Malami: Mol, mul, silikon. Wato Hausa ta ƙare kenan? Muna da danƙo tun kafin Bature ya zo. Kuma tunda asalin abin daga yashi ake samo shi, ni na daɗe ina kiransa danƙon yashi, na koya wa ɗalibai da yawa haka kuma sun karɓa.

Malamar Kimiyya: Malam da girmamawa, gaskiya ne daga yashi ake fitar da sinadarin amma wanda ya ji danƙon yashi zai zaci abu ne mai gautsi ko mai kaushi, alhali laushinsa ne amfaninsa. Sannan danƙo mannewa yake, shi kuwa wannan dalilin da ya sa ake sonsa shi ne ba ya manne wa sabulu ko kaki.

Tsohon Malami: Danƙon harbin tsuntsu yana mannewa ne? Ku dai kun saba da aro shi ya sa duk abin da aka ƙirƙiro a gida sai ku nemo masa aibu.

Ɗan Kurmi: Baba ba raini ba ne wallahi. Matar da aka horas za ta shiga kasuwa da takardar nan a hannu, in ta ce a ba ta danƙon yashi wa zai gane? Ni abin da ma ya fi damuna, in ta ce silikon kawai, na kwalin nan da masu gilashi ke liƙe taga da shi za a miƙo mata, mai warin tsami, shi kuwa da damshin iska yake kamawa, in ka yi shi da kauri cikinsa sai ya daɗe bai kama ba, ga kuɗinta ya tafi.

Bamaraɗe: Kuma ku daina yanke hukunci da kasuwar Kano kaɗai, mu ma Hausa muke ji.

Tsohon Malami: Yauwa, faɗa musu. Rediyo ma ba haka ta ƙirƙiro kalmomi ba har aka saba?

Mai Fassara: Jama'a dare na yi. Ga sauran matsalar, iri biyu ne a babin. Akwai wanda sinadarin kuza ke sa shi kamawa, ya fi arha amma yana ɗan tsukewa kuma mazubin na tsufa da wuri ya fara yagewa. Akwai na filatinam, ya fi tsada, kusan ba ya tsukewa, shi ake so in zanen na da ƙanana sosai, sai dai in ya taɓa farar wuta ko safar hannu ta robar latex sai ya ƙi kamawa ya tsaya yana yauƙi. Sai lambar tauri, Shore A.

Malamar Kimiyya: Mai kuza da mai filatinam, shikenan. Kar ki rubuta farin zinare, wani abu ne daban. Lambar ki bar ta yadda take a jikin galan, ki yi bayani: 10 zuwa 15 mai laushi ne, ya dace da abu mai lungu-lungu don ya ɓare ba tare da ya karya zanen ba, 25 zuwa 30 ya fi tauri, na abu mai faɗi ko mai nauyi kamar siminti. Kuma ki rubuta kamawa ba bushewa ba, kar wata ta kai shi rana tana jira. Ki ƙara musu cewa a zuba siriri daga sama a gefe guda saboda kumfa, kumfa ɗaya a kan zanen ya ɓata aikin.

Mai Fassara: Na gode. Zan sa silikon na zubi, sai mazubi, a karon farko in ce wanda ake kira mol ko mul, da gargaɗin cewa ba na gilashi ba ne.

Tsohon Malami: Mazubi na yarda. Silikon ɗin ne ban yarda ba, amma takardarki ce. Ko a ƙasan shafi ki sa danƙon yashi.

Mai Fassara: In wuri ya rage Malam, shafukan a ƙirge suke.