Diron mai arha da "8K" na jikin kwali: muhawarar da ta ɓarke a zauren masu ɗaukar hoto

Mai Gyaran Waya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi abin nan ya ishe ni. Ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da ake ta talla, E88, E99 da danginsu, an cika jikin kwali da "8K", "kyamara biyu", ana karɓe kuɗin bayin Allah. Hoton 4K na gaskiya fiksel 3840 ne a faɗi, 2160 a tsaye, wato kusan miliyan 8.3. Kyamarar cikin waɗannan da ƙyar take kai 720p, wasu ma ba su kai ba, manhajar waya ce ke buɗa hoton ta liƙa masa babbar lamba. Yawancinsu ba su da ramin memori, bidiyon ta WiFi yake sauka a wayarka, duk inda sigina ta yanke nan hoton zai daskare ko ya yi tsalle. Babu gimbal, wato marikin da ke daidaita kyamara, jirgi ya karkata hoto ya karkata. Wannan damfara ce. Mai son diron mai arha na koyo ya sayi DJI Mini 4K: gimbal mai juyi uku, GPS, nauyi ƙasa da giram 249.

Mai Shago: Wa alaikumus salam. Malam, "mai arha" ka ce? Dala 299 aka sa masa a Amurka da ya fito a 2024, da batir guda ɗaya tak. Ko a naira dubu ɗaya ka lissafa dala, ya haura albashin wata huɗu na mai karɓar dubu 70, ba a zo maganar kuɗin jigila da na kwastan ba. Wannan ne arha?

Mai Gyaran Waya: Alhaji, a cikin jiragen da ke ɗaukar hoto na gaske nake magana. A cikinsu shi ne na ƙasa-ƙasa.

Mai Shago: To ka ce "na ƙasa a cikin masu tsada". Kada ka kira shi arha a gaban mutanen da ke lissafin kuɗin makarantar yara.

Mai Ɗaukar Biki: Alhaji, araha ba ta ado. Abin da ka saya sau uku a shekara ba arha ba ne. Injin farfelar E88 mai burushi ne, burushin yana cinyewa da zafi da ƙura. Da ɗaya cikin huɗun ya raunana, jirgin zai riƙa janyewa gefe guda, ko ka ƙure madannin daidaitawa ba zai tsaya ba. Batirinsa sel ɗaya ne, 3.7V, minti bakwai zuwa goma ya mutu. Ba shi da GPS, saboda haka in ka saki sanda ba ya tsayawa wuri ɗaya, iska ce ke tuƙa shi. Ya wuce katanga biyu sigina ta yanke, shi ke nan, ba ya san hanyar gida. Mini 4K injinsa marar burushi ne, kamfanin ya rubuta minti 31, a aikace ka sa rai da ashirin da 'yan kai, kuma in sigina ta yanke yana komowa inda ya tashi.

Ɗalibin Injiniya: Yaya, arha da tsada ai sai an san me za a yi da abu. Mai koyo hannu yake nema, ba hoto ba. Sandar hagu hawa da sauka da juya hanci, sandar dama gaba da baya da gefe. Inda sabon shiga ke rikicewa shi ne lokacin da hancin jirgi ya fuskanto shi: ya tura dama, jirgi ya tafi hagunsa, ya firgita ya ƙara turawa, sai bango. Gara a yi wannan karon da ƙaramin jirgi a cikin falo ko tsakar gida. Gimbal ɗin DJI ya bugi ƙasa sau ɗaya, siririyar wayar da ke haɗa shi da allon jirgi ta tsinke, kuɗin gyaran zai sayi E88 fiye da ɗaya. Ko a nemi Tello, giram 80, bidiyo 720p, minti 13 a rubuce, ya fito a 2018 a dala 99, kuma bai taɓa kiran kansa 4K ba.

Mai Ɗaukar Biki: Ƙanena, wanda ya koya da jirgin da ba ya tsayawa, tsoro yake koya. Mini yana da yanayin tafiya a hankali na C a jikin rimot, ka sa shi a can, ka je fili, ka jira taurarin GPS su kamu har ya sanar da kai ya riƙe wurin tashi, sannan ka ɗaga.

Mai Shago: Kuma ni ba na ɓoye wa kowa. Mai sayen E88 ya san abin da ya saya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai Gyaran Waya: In ya sani, me ya sa aka rubuta 8K?

Mai Shago: Ni na buga kwalin? Ka tambayi masu kamfani a Sin. DJI ɗin naka ma ai a Shenzhen yake.

Mai Tace Bidiyo: Malamai, kun bar kyamara kun koma kan kuɗi. Ko a cikin na gaskiyar, lambar 4K ba ita ce hoto ba. Abu uku za a duba. Girman sensa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara: Mini 4K da Mini 2 SE duk inci 1/2.3 ne, fiksel miliyan 12, da rana hotonsu fes, amma bayan magariba duhun ciki ya cika da yashi-yashi. Mini 3 sensarsa 1/1.3 ce, ƙofar haske f/1.7, shi ya sa ya fi su jure yamma. Na biyu yawan bayanan da ake rubutawa a daƙiƙa: Mini 4K yana kai 100 Mbps, kusan 750MB a minti, don haka memori sai mai alamar U3 ko V30. In ka sa jabun memori, ɗauka za ta tsaya a tsakiya ko fayil ya ƙi buɗuwa. Na uku hasken ranarmu. Ƙofar hasken Mini 4K a kafe take a f/2.8, da tsakar rana dole shota, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, ta yi gudu sosai, motsi ya fito a tsinke. Maganinsa filtar ND16 zuwa ND64, gilashin da ke rage haske, ka saukar da shota kusa da 1/60 in kana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Sannan mai ɗauka don WhatsApp, 2.7K na Mini 2 SE ya ishe shi ya yi saura, tunda WhatsApp matse bidiyo yake yi sai dai in a matsayin fayil ka tura.

Mai Shago: Kun ji ko? Hajiya ta ce har filta da memori sai an saya daban. Har yanzu arha ne?

Mai Tace Bidiyo: Alhaji, ba abin da na faɗa ke nan ba.

Mai Zanen Gini: Matsalar zauren nan, kowa DJI kamar babu wani kamfani a duniya. Potensic Atom fa? Gimbal mai juyi uku, 4K a 30, ƙasa da giram 249, minti 32 a rubuce, kuma yana bin mutum da kyamara, abin da Mini 4K ba ya yi. Sai dai a kula, Atom SE daban ne, shi ba shi da gimbal na gaske, gyaran girgiza na cikin manhaja yake yi, yana yanke gefen hoto. Kuma wanda ya kira Mini mai arha bai faɗa wa mutane ba cewa manhajar DJI Fly ba ta cikin Play Store, sai a shafin kamfanin, kuma ba ta hawa wayar da tsarinta 32-bit ne. Mai ƙaramar waya irin ta Android Go sai ya ƙara kuɗin sabuwar waya a lissafi.

Mai Ɗaukar Biki: Injiniya, farfelar Atom ta karye ranar Asabar da ɗaurin aure gobe, a wane shago za ka samu? Na Mini ko'ina ka shiga a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano za a nemo maka.

Mai Zanen Gini: Wa ya ce maka sabon shiga biki zai ɗauka? Kai ne kake auna kowa da sana'arka. Kuma mai hankali farfela saiti biyu yake saya tare da jirgi.

Mai Ɗaukar Biki: Ni da sana'ata nake alfahari. Ku masu ɗaukar rufin kwano ko da wace kyamara ce ya yi muku.

Mai Zanen Gini: A janye wannan maganar.

Ɗalibin Injiniya: Yayye, don Allah. Akwai DJI Neo ma, giram 135, dala 199 a 2024, yana tashi daga tafin hannu. Amma gimbal ɗinsa juyi ɗaya ne, minti 18 a rubuce, kuma iskar da ya jure ba ta kai ta Mini ba, mita 8 a daƙiƙa, Mini kuwa 10.7. Da iskar hunturu za a ga bambancin.

Mai Shago: Ni dai na san E99 mai 5G yana tafiya, mutane suna saya.

Mai Gyaran Waya: Alhaji, wannan 5G ɗin ba na layin waya ba ne. WiFi ne mai 5GHz. Wayar da 2.4GHz kaɗai take kamawa ba za ta ma ga jirgin a jerin WiFi ba, sai mai shi ya zaci kyamarar ce ta lalace.

Mai Shago: Biyar dai biyar ce, kuma G ɗin yana nan.

Malamin Makaranta: Ana ta arha da tsada, babu wanda ya ambaci hukuma. Giram 249 ɗin nan don dokar ƙasashe irin su Amurka aka yi shi, inda mai shawagi don nishaɗi ba ya rajistar jirgin da bai kai giram 250 ba. Kada wani ya ɗauka wannan ya wanke shi a nan. Tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma shigo da shi yana buƙatar takardar wannan ofishin. A nisanci filin jirgi, bariki, gidan gwamnati. Kada a wuce mita 120. Sannan gidajenmu tsakar gida a buɗe take, iyalan mutane suna ciki. Ko kyamarar 480p ce, haramun ne leƙen gidan maƙwabci.

Mai Ɗaukar Biki: Malam ya yi gaskiya. Amma ko a nan Mini ya fi, tunda kana iya kafa masa iyakar tsawo da nisa a manhaja.

Mai Zanen Gini: Atom ma haka. Har yanzu ba a janye maganar rufin kwano ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa, zan taƙaita in rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Mini 4K shi ne mai arha na gaskiya in aka duba daɗewa, kuma E88 asarar kuɗi ne. Maganar Potensic ba ta samu goyon baya ba saboda kayan gyara. Mai ɗaukar biki da Injiniya, a yi haƙuri da juna. Ga wanda zai saya: ya ɗauki mai batir uku, memori V30, filtar ND. Ya tuna Mini 4K ba ya ganin bishiya ko wayar wuta a gabansa, na'urar ganinsa ƙasa kawai take kallo, don haka ya sa tsawon komowa gida sama da dogon abin da ke unguwar. Kada ya tashe shi daga kan yashi, ƙura tana shiga gimbal, ya shimfiɗa kwali ko tabarma. Kamfas a daidaita shi nesa da mota da rodin dakali. Zafin da aka rubuta masa iyakarsa digiri 40, a watan Afrilu a tashe shi da sassafe ko bayan la'asar, batir kada ya kwana a mota, wanda ya kumbura a daina sa shi. Na rufe sharhi sai bayan isha'i.