Wane ne Lance Todd da ake ba da kyauta da sunansa?

Ɗan Bala:
Salamu alaikum. Duk shekara in aka tashi wasan ƙarshe na Challenge Cup, gasar kofin zari-ruga ta Ingila, a filin Wembley, sai in ji an ce wane ya lashe kyautar Lance Todd. Don Allah shi wannan bawan Allah ɗan wasa ne, ko attajiri ne da ya zuba kuɗi a gasar?

Baba Habu:
Wa alaikumus salam, Ɗan Bala. Ina attajiri! Tela ne daga Auckland a New Zealand, haifaffen 1883. Yana cikin tawagar da Albert Baskerville ya haɗa ta tafi Birtaniya a 1907 don buga zari-ruga irin na 'yan wasa 13, wanda ake biyan kuɗi. Masu ganin karɓar kuɗi a wasa abin kunya ne suka laƙaba musu All Golds, wato 'yan zinariya, don zolaya. Da aka gama rangadi a 1908 bai koma gida ba, Wigan ta riƙe shi, kuma da shi ta ci kofin lig a 1909. A 1914 ya koma Dewsbury, sai yaƙin duniya ya katse komai.

Amma ni a ganina, da a fili kaɗai ya tsaya da yanzu an manta da shi. A Salford ya yi suna.

Ummu Sadik:
Gaskiyarka Baba. Ya karɓi ragamar Salford a matsayin manaja a 1928, kulob ɗin na ta fama. Maimakon sayen manyan 'yan wasa, sai ya shiga farautar yara, musamman daga Wales. A haka ya samo Gus Risman, wanda ya zama shahararren ɗan wasa, yana matashi. Suka ɗauki lig a 1933 da 1937 da 1939, suka doke Barrow da ci 7 da 4 a Wembley a 1938. Ko sunan Red Devils a zamaninsa aka samo shi: sun je Faransa a 1934 da jajayen riguna, 'yan jaridar can suka ce musu jajayen shaiɗanu, sunan ya bi su.

Ɗan Bala:
Ikon Allah. To me ya haɗa shi da kyautar, Baba?

Baba Habu:
Ajali ne, ɗana. Lokacin yaƙi na biyu yana cikin dakarun tsaron gida, a Nuwamban 1942 ya yi haɗarin mota a Oldham ya rasu. Kafin nan jama'a sun saba da muryarsa, don yana sharhin wasa a rediyon BBC. A 1946 aka fara ba da kyautar ga gwarzon wasan ƙarshe, Billy Stott na Wakefield Trinity ne ya fara ɗauka. 'Yan jarida ke zaɓe, kuma ko wanda aka ci ƙungiyarsa yana iya samu. Don Fox na Wakefield Trinity ya samu a 1968, ranar da ya ɓarar da bugun ƙarshe a gaban raga, Leeds ta tafi da kofin.