Wace Kalmar Hausa Za Mu Sa wa Fayawol?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mu kaɗan ne muke haɗuwa a Agege duk ranar Lahadi bayan la'asar muna bitar CISSP, wato jarrabawar ƙwarewa a tsaron kwamfuta da bayanai, wadda ƙungiyar ISC2 ke shiryawa, kuma yanzu mun iso fanni na 4 cikin fannoni 8, wanda ya shafi tsaron sadarwa da hanyoyin da kwamfutoci ke magana da juna. Da Turanci ake rubuta jarrabawar, amma da Hausa muke yi wa juna bayani, kuma a nan ne kalmar fayawol (firewall), sunan na'urar da ke tace bayanan da ke shiga da fita daga hanyar sadarwa, ta tsaya mana a wuya.

Fassarar da na fi cin karo da ita ita ce "katangar wuta", kuma ban yarda da ita ba. Asalin kalmar daga magina ta fito, tana nufin bangon da ake ginawa don hana gobara tsallakawa daga wani sashe na gini zuwa wani. Bahaushe kuwa idan ya ji katangar wuta, ko dai ya zaci katanga ce da ke ci da wuta, ko kuma ya tuna wayar lantarkin da ake ɗaurawa a kan katangun gidajen Ikoyi da Lekki. Babu ɗaya daga ciki da ke nuna aikin na'urar, domin aikinta shi ne ta tsaya tsakanin hanyar sadarwar cikin gida da intanet, ta duba kowane ƙunshin bayani, daga ina ya fito, ina ya nufa, ta wace ƙofa yake son shiga, sannan ta bar shi ko ta hana shi bisa ƙa'idojin da aka rubuta mata.

Shawarata ita ce mu kira ta ganuwa. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, amfaninta a zamanin da yana ga ƙofofinta, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Kabuga, kowacce da sarkin ƙofa mai lura da masu shige da fice. Haka kwamfuta take da ƙofofi masu lamba daga 0 zuwa 65535: ta 443 shafukan intanet masu ɓoyayyen saƙo ke bi, ta 80 waɗanda ba a ɓoye ba, ta 22 kuma mai kula da na'ura ke shiga daga nesa. Babbar ƙa'idar da ake koya mana ita ce a rufe duka, a buɗe wadda ake bukata kawai, kuma duk wanda ya san birni mai ganuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wannan ya warware mana wata matsalar, domin kalmar Turancin da ake kiran waɗannan ƙofofi da ita, wato "port", ita ce kuma ake kiran tashar jiragen ruwa da ita, kuma na taɓa ganin fassarar da ta mayar da lamba 443 tamkar wata tasha a Apapa.

Kwatancin yana riƙe har zuwa nau'o'in fayawol. Ganuwa ta farko tana duban adireshi da lambar ƙofa kaɗai, wato matakai na 3 da na 4 cikin matakai 7 na OSI, tsarin da ya raba sadarwar kwamfutoci mataki-mataki. Wadda ta biyo bayanta tana riƙe da lissafin wanda ya fita, idan amsa ta dawo ta gane cewa an nemi ta. Ta mataki na 7 kuma sai ta kwance kayan ta ga abin da ke ciki.

Wani dattijo a cikinmu, wanda ya daɗe yana gyaran kwamfuta a kasuwar Ikeja, ya ce yaran da aka haifa a Legas ba su taɓa ganin ganuwa ba, maigadi suka sani. Malam, na ji wannan magana kuma tana da nauyi, sai dai maigadi ya yi faɗi, domin manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta ma gadi take yi, haka na'urar da ke gano kutse, kuma jarrabawar tana so ɗalibi ya bambance su sarai. Ya ƙara da cewa ganuwa za ta sa mutum ya ɗauka duk wanda ke ciki amintacce ne, alhali tsaron zamani ya ce kada a amince da kowa sai an tantance shi. Ni a ganina wannan raunin na'urar ne da kanta, kuma kalmar ta bayyana shi, tun da mun san da ɗan gari akan ci gari, ma'aikacin da ya danna saƙon yaudara daga ciki ya riga ya wuce ganuwa.

Saura guda da nake neman ra'ayinku a kai, wato yankin da ake kira DMZ, inda ake ajiye na'urorin da baƙi ke bukata, kamar mai ɗauke da shafin kamfani, a ware su daga cikin gida. Ina ganin zango ya dace da shi, domin nan ne fatake ke sauka su yi hulɗa da mutanen gari ba tare da sun shiga gidajensu ba. A littafin bitarmu na riga na rubuta ganuwa da ƙofa da biro, zango kuwa da fensir na rubuta shi har sai na ji daga gare ku.