Littafi ya sa ni kuka, ko raunin imani ne?

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Na karanta wani littafi na aro, labarin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Wurin da ta fita takaba bayan wata 4 da kwana 10, ta buɗe akwatinsa ta ga hularsa, nan na fashe da kuka. Sai na tuna da Innata lokacin rasuwar Baba. Har yanzu zuciyata ba ta sake ba. Wannan rashin tawakkali ne?

Malamar Gyallesu:
Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ko kusa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Annabi Yaƙub ma idanunsa sun yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusuf, duba Suratu Yusuf, aya ta 84. Kururuwa da yaga tufafi aka hana.

Ɗan Samaru:
Ni abin da ke ƙona min rai a irin labaran nan shi ne dangin miji, rabon gado tun ba a share makoki ba. A unguwarmu ma ana yi.

'Yar Tudun Wada:
Na gode, Malama. Gobe zan shiga Birni in duba Inna.