Kwana shida a Paris da ɗan guzuri: ta ina zan fara?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Shekarata 23, ina so in je Paris a watan Yuni bayan jarrabawa, kwana shida, ni kaɗai. Kuɗin jirgi na tara, amma abin da zai rage a hannu ba yawa. Don Allah waɗanda suka san garin su taimaka: me ake nema wajen biza, ina ya kamata in sauka, kuma gaskiya ne matasa 'yan ƙasa da shekara 26 suna shiga gidajen tarihi kyauta?

Malam Mai Taswira:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mu fara da biza, domin a nan kuɗin mutane ya fi salwanta. Bizar Schengen ta ɗan gajeren zama za ka nema, wato bizar rukunin ƙasashen Turai da Faransa ke ciki. Tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma in aka hana ka ba a mayar da ko sisi. Ana cike fom a shafin France-Visas, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, saboda haka kada ka jira Mayu, lokacin bazara samun ranar ganawa yana wuya.

Fasfonka ya kasance yana da sauran wata uku bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Inshorar lafiya sai wadda ta kai Yuro 30,000 kuma take aiki a duk ƙasashen Schengen. Batun guzuri kuwa, Faransa tana lissafin Yuro 65 a kowace rana ga wanda ya kama masauki, Yuro 120 ga wanda bai kama ba. Kwana shida da masauki Yuro 390 ke nan, mafi ƙaranci. Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne wani ɗan'uwa ya zuba musu kuɗi masu yawa a asusu ana saura mako guda a miƙa takardu. Mai dubawa wata uku na baya yake karantawa, kuma kuɗin da suka faɗo rana ɗaya ba bayani tuhuma suke jawowa. In mahaifinka ne zai ɗauki nauyi, a rubuta wasiƙa a fili, a haɗa da bayanan asusunsa. Ka kuma karɓo takarda daga makaranta da ke nuna kai ɗalibi ne da ranar komawa karatu, domin babbar tambayarsu ita ce: me zai dawo da kai gida?

Duk takardun nan ka riƙe kwafinsu a jakar hannu. Jami'in filin jirgi yana da ikon sake tambayarka masauki da tikitin komawa ko da biza tana cikin fasfo.

Hajiya Saint-Denis:
Ɗana, ranar da za ka sauka ita ce za ta yanke maka kuɗin zirga-zirga. A farashin 2025, tikitin metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) ɗaya Yuro 2.50 ne, na filin jirgin Charles de Gaulle kuma Yuro 13, zuwa da dawowa 26. To akwai katin mako, Navigo Découverte: katin kansa Yuro 5, kuɗin mako Yuro 31.60, kuma ya haɗa da metro, bas, jirgin RER B na filin jirgi, har da zuwa fadar Versailles da ke wajen gari. Ka cire 26 ɗin nan daga 36.60, za ka ga hawa biyar kacal ya biya sauran. Farashin yakan ɗan ƙaru a Janairu, amma lissafin bai canzawa.

Inda ake faɗawa rami: makon katin daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi da tsakar dare, ba daga ranar da ka saya ba. Bayan Alhamis ma ba a sayar da na makon da ake ciki. Wanda ya sauka Asabar sai dai ya riƙa sayen ɗai-ɗai har Litinin. Don haka ka nemi jirgin da zai sauke ka Litinin ko Talata, ka tashi Lahadi. Ka zo da ƙaramin hoton fasfo daga gida, ka manna shi a katin, ka rubuta sunanka nan take. Masu binciken tikiti suna tsayawa a kwanar hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, kuma katin da ba hoto tara ake ci a kansa, ba sa sauraron "ban sani ba".

A filin jirgi duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa "taksi" ka wuce shi. Ka bi alamar RER B, cikin minti talatin da 'yan kai kana tashar Gare du Nord a cikin gari. Kuma in ka ga tikitin jirgi mai arha zuwa "Paris Beauvais", ka sani filin yana da nisan fiye da kilomita 80 daga gari, kuɗin bas zai cinye rarar.

Masauki: ɗakin haɗaka na matasa, mai gado shida ko takwas, a gunduma ta 10, 18, 19 ko 20. Ka zaɓi mai kicin, kuma wanda za a iya soke shi ba asara in biza ba ta fito ba. Ka tafi da kwaɗonka don akwatin ajiya. Akwai ɗan harajin baƙi na kowane dare da wasu ke karɓa daban ranar isowa, ka tambaya tun farko. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta.

Abu Hanan:
Batun 'yan ƙasa da 26 ka ji rabin magana. Kyautar ta mazauna Tarayyar Turai ce da wasu ƙasashen yankin. Mai bizar yawon buɗe ido daga Najeriya biya zai yi, kuma daga farkon 2026 tikitin gidan tarihin Louvre ya kai Yuro 32 ga waɗanda ba na Turai ba. Amma akwai ƙofa: Juma'ar farko ta wata bayan ƙarfe shida na yamma kyauta ce ga kowa, ban da Yuli da Agusta. Gidan tarihin Musée d'Orsay kuma Lahadin farko ta wata. Dukansu sai ka kama gurbi ta intanet, kuma gurbin yana ƙarewa da wuri. Duba kalanda ka gani ko ranakun biyu sun faɗo mako ɗaya a Yunin da za ka je. Louvre ba ta buɗewa Talata, Orsay Litinin.

Carnavalet, wato gidan tarihin birnin kansa, da gidan zane-zane na Petit Palais, kayansu na dindindin kyauta ne kullum. Majami'ar Notre-Dame, da aka sake buɗewa a Disambar 2024, ita ma ba a biya. Hasumiyar Eiffel kuwa rangwamenta na shekara 12 zuwa 24 bai duba ƙasa ba, rabin kuɗi za ka biya da fasfo a hannu. Ka sayi tikitin matakala: taki 674 zuwa hawa na biyu, ya fi arha, layinsa ya fi gajarta, kuma a ganina garin ya fi fitowa daga nan fiye da can ƙololuwa inda komai ke zama ƙanana.

A matakalar majami'ar Sacré-Cœur akwai masu kama hannu su ɗaura zare su nemi kuɗi. Hannu a aljihu, ka ce "non, merci" kana tafiya. 'Yan matan da ke miƙo takarda a sa hannu su ma haka. Waya kada ta zauna a aljihun baya, musamman a layin metro na 1 daidai lokacin da ƙofa za ta rufe.

Hajiya Saint-Denis:
Na manta abinci da salla. Sayayya a Lidl ko Aldi, ba shagunan bakin wuraren yawo ba. Burodin baget bai cika wuce Yuro ɗaya da rabi ba. Kalmomi uku ka haddace a jikin kwali: porc, jambon, lardons, duk alade ne. Naman halal da kayan miyarmu, har kuɓewa da manja, suna kasuwar Dejean, tashar Château Rouge a layi na 4. A gidan abinci ka ce "une carafe d'eau", ruwan famfo ne mai kyau kuma kyauta; in ka ce ruwa kawai, na kwalba za a kawo a sa a lissafi.

Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana kusa da tashar Place Monge a layi na 7. Ranar Juma'a ka isa da wuri. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, don haka ka sauke jadawalin salla na garin a waya. Ban-ɗakunan kan titi masu launin toka kyauta ne, amma ba buta a ciki, ƙaramar gorar ruwa ta zauna a jakarka.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Abu Hanan. Zan nemi jirgin Talata. Hoton katin nan, girman na fasfo ne ko ya fi ƙanƙanta?

Hajiya Saint-Denis:
Ya fi ƙanƙanta, santimita 2.5 a 3. Ka rage na fasfo da almakashi tun daga gida, jikin katin yana da danƙonsa.